Injin Sharhabilu

"Ayyiririri! Ku fito ku ga kaya! Mai baƙin ciki ya koma ɗaka ya ja ƙyaure!"

Kaka Jinjiri ce a tsakar gida, ta kama hanci tana rangaɗa guɗa, ga akwatunan lefe a bubbuɗe kan tabarmi. Tsohuwar da kullum sai an miƙa mata hannu take tashi, yau ita ce har da taka rawa! Matan Zakka sun cika gidan Malam Daudu maƙil, wannan ta ɗaga leshi, waccan ta shinshina turare, wata kuma tana cusa ƙafa a takalmin da ko yatsunta bai ɗauka ba. Lefen Mahfuza ne, 'yar Malam Daudu, malamar firamare a Safana, wadda kakar tata ta raina tun rasuwar uwarta. An tsayar da biki sai an kai amfanin gona gida.

Angon kuwa Sharhabilu ne, ɗan Batsari, mai shagon haɗa sola da naɗin wayar fanka a bakin kasuwa. Ya yi difloma a kan lantarki, don haka kowa Injiniya yake ce masa, shi kuma bai taɓa hana kowa ba. Yaro ne mai kirki da fara'a. Aibinsa ɗaya ne: ya yarda cewa duk abin da ya lalace a duniyar nan, in dai aka miƙa masa filaya da waya, to zai tashe shi.

"Ina Mahfuzar ne? Fito ki ga abin da angona ya aiko mini, ke ko ɗankwali ba ki samu!" in ji Kaka cikin wasan kaka da jika.

Kaka ta ɗaga labule ta shiga. Mahfuza na zaune a bakin gado, ta sa sabuwar riga rabi, ta dafe ƙirjinta na hagu, hawaye na zuba.

"Ke, mi ya same ki? Yau ranar kuka ce?"

"Kaka, rigar ce ta matse ni a nan... akwai wani abu."

Tsohuwa ta sa hannu ta laluba, sai ta ji wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino. Nan take fara'ar ta ɗauke daga fuskarta.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Daji ne. Irin na Mairo ne!"

Mairo ita ce uwar Mahfuza. Surukar Kaka ce, amma ko 'yar da ta haifa ba ta so kamarta ba. Ciwon nono ne ya kama ta, aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe a gida, daga ƙarshe aka kai ta asibiti, aka yi mata allurai, ba ta daɗe ba ta cika. Tun daga ranar Kaka ta riƙe abin da yawancin matan yankin suka riƙe, cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu.

Ta kama kafaɗun jikarta ta girgiza. "Ki ji ni da kyau. Ba allura, ba wuƙa! Sun cinye mini Mairo, ba ni ba su ke!"

A waje kuwa mata sai guɗa suke, ba su san abin da ake ciki ba.

* * *

Da Sharhabilu ya zo zance bayan azahar, don ba mai bin hanyar nan da yamma liƙis saboda 'yan bindiga, Mahfuza ta sunkuyar da kai a zaure ta yi ta kame-kame kafin maganar ta fito. Bai bari ta ƙarasa ba ya miƙe.

"Gobe sai Katsina! Ki bar ni da Kaka."

Ya shiga ya durƙusa gaban tsohuwa, ya yi ta zuba mata daɗin baki, wai hoto kawai za a ɗauka, har ta saki. A asibiti suka haɗu da Dakta Lubna, wata doguwar likita mai magana ba kwana-kwana. Ta yi hoton, ta kuma tsotsi ɗan naman wurin da allura don gwaji, abin da Mahfuza ta ɓoye wa Kaka. Da sakamako ya fito ta zaunar da su.

"Kansa ce, wato ciwon daji. Amma ku gode wa Allah, kun zo da wuri. Ƙullutun kawai zan cire, nonon zai zauna, sai mu bi da magani. Kada dai ku ja lokaci."

Sharhabilu ya dawo Batsari da murnarsa ya faɗa wa mahaifiyarsa, Hajiya Bara'atu, mai sayar da atamfofi a gida, wadda shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ai kuwa sai ta ajiye yadin da take ninkewa.

"Ƙullutu kawai? Kai yaro ne! Su in suka kafa wuƙa sai sun shafe wurin tas. Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, sai in ɗauko masa matar da aka yanke wa nono? Jikokina su sha me, koko?"

"Haba Umma, rai fa ake magana..."

"Ni ma ran nake magana! Ina son yarinyar nan, Allah ya sani. Amma ranar da wuƙa ta taɓa ta, ranar zan aika a kwaso mini lefena. Ka nemo wani maganin!"

To fa! Kaka ta hana wuƙa don tsoron mutuwa, Hajiya ta hana don tsoron bakin duniya, Malam Daudu kuwa mutum ne da bai taɓa musa wa uwarsa ba. Sharhabilu ya rasa inda zai sa kansa. Ya rame, ya daina cin abinci, kullum yana shago ya ƙura wa waya ido yana karance-karancen ciwon.

Ran nan da hantsi maƙwabtan shagonsa suka ji ihu. "Allahu akbar! An samu!" Ya bar fankar wani bawan Allah a wargaje, ya haye babur ko shagon bai rufe ba. Yadda ya isa Zakka da ransa, Allah kaɗai ya sani.

"Mahfuza! Mahfuza, fito! Wallahi an samu!"

Ta fito zaure da gudu, mayafi a karkace. "Lafiya, Yaya Sharhabilu? Me aka samu?"

"Magani! Duba nan — risach ne, bincike, masana suke yi a ƙasashen waje. Kin san in wuta ta bi ta cikin naɗaɗɗiyar waya tana haifar da ƙarfin maganaɗisu? To sun gano in ana kaɗa wa ƙullutun kansar nono irin wannan ƙarfin, yana rage saurin girma! Ba yanka, ba allura, ko jiki ba ya taɓawa!"

Ta karɓi wayar ta ɗan karanta, don ita ma ba baya ba ce a boko. "Amma nan kamar a kan ɓeraye suka ce sun gwada..."

"Ɓeraye da ƙwayoyin kansa a cikin kwalba, har sun fara da mutane kaɗan. Ai jiki jiki ne! Kuma kwayil ne fa, Mahfuza, kwayil! Abin da nake naɗawa safe da yamma! In Bature ya naɗa, ni me zai hana ni?"

"Dakta ta ce kada mu ja lokaci."

"Filis, don Allah ki ba ni dama. Kaka ta huta, Umma ta huta, bikinmu yana nan daram. Ba ki yarda da ni ba ne?"

Ta dube shi, idanunsa sai ƙyalli suke kamar na yaron da aka saya wa keke. Maganar gaskiya ita ma tsoron wuƙar take, kuma tana son aurenta kamar ranta. Ta yi murmushi ta ce, "Na yarda da kai, Injiniya."

* * *

Ranar da aka kawo injin, gidan Malam Daudu kamar ana suna. Sharhabilu ya naɗa jar waya a jikin wani faffaɗan zoben roba, ya lulluɓe shi da baƙin salatif, ya haɗa da batirin sola da wani ɗan akwati mai koriyar fitila. Hajiya Bara'atu da kanta ta ɗauko shatar mota ta zo, ta sha gwaggwaro, tana taku ɗai-ɗai.

Kaka ta zagaya injin tana harararsa. "Angona, wanga abu ba ƙarfe ne a cikinsa ba?"

"Ƙarfen ba ya taɓa ta, Kaka. Iskarsa ce kawai ke shiga. Tsaya ki gani!"

Ya zuba ƙananan ƙusoshi a faranti, ya kusanto da zoben, ya murɗa makunni. Injin ya ɗauki ƙugi, zuuu, sai ga ƙusoshi sun yi tsalle sun manne! Mata suka watse da ihu, wata har da zubar da ɗankwali, sannan suka dawo suna tafi da salati.

"La'ilaha illallahu! Ƙarfe ma ya kama shi ya ladabtar, balle daji!" in ji Kaka.

Hajiya ta gyara zama ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. "Ɗana ne fa. Tun yana rarrafe yake kwance mini rediyo."

Tsofaffin nan biyu suka rungume juna, aka dama fura, aka yi ta sa albarka. Mahfuza ta shiga ɗaki aka rataya mata zoben a saitin ƙirji, ta zauna tana jin ƙuginsa da ɗan ɗumi-ɗumi, tana dariya tana share hawaye. Ranar dai ba wanda ya ambaci Dakta Lubna.

Haka aka ci gaba. Safe da la'asar Mahfuza na cikin zobe. Kullum Kaka sai ta leƙo ta ce, "Ya jiki?" Kullum Sharhabilu sai ya bugo waya, "Ya ragu ko?" Hajiya kuma ta aiko da tambaya tare da 'yar tsarabar dabino. Duk fuskar da Mahfuza ta kalla amsa ɗaya take jira, ita kuma sai ta ba su: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Labari ya bazu har Ruma, mata suka fara turo mazajensu shagon Injiniya suna tambayar ko zai haɗa musu irinsa. Gero ya nuna aka yanke, dawa ta sunkuya, tela ya gama ɗinkin anko.

Amma Mahfuza ita ke wanka da jikinta. Ƙwallon dabino ya zama kamar ƙwan kaza, fatar wurin ta fara tattarewa, ga wani sabon ƙullutu ya ɓullo a hammata. Tsoro ya kama ta.

Da Sharhabilu ya zo da sabon batir yana ta zuba, wai har ya fara tunanin sunan da zai sa wa injin, sai ta katse shi.

"Yaya Sharhabilu, ƙarya nake muku. Bai ragu ba. Ya ƙaru."

Ya girgiza kai. "A'a, ba zai yiwu ba. Wataƙila wutar ce ta yi kaɗan. Bari in ƙara naɗin, in sa batir biyu—"

"Ya fito mini a hammata."

"To ai sai a faɗaɗa zoben ya kai har—"

"Sharhabilu!" Ba ta taɓa kiran sunansa haka gatsal ba. "Ni kake so, ko injin? Mutuwa fa zan yi! Na ga yadda Innata ta ƙare, ina ƙarama amma ban manta warin ɗakin ba. Ni ba fanka ba ce da in ta ƙone za ka sake naɗawa!"

Batirin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa tim. Ya zauna daɓas a dandamalin zaure, ya riƙe kai. Wannan katon saurayi sai ga shi yana kuka da shessheƙa, har ita mai ciwon ta koma ba shi haƙuri.

Washegari suna gaban Dakta Lubna. Ta duba Mahfuza, ta fito ranta a ɓace. Sharhabilu ya nuna mata bidiyon injin a waya. Ta kalla, ta yi ajiyar zuciya.

"Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, ana binciken. Amma bincike ne, Malam, ba a gama ba. Su masu yin sa suna auna ƙarfin da yawan bugunsa da na'urorin da ni kaina ban taɓa riƙewa ba, kuma ba wanda ya ce a ajiye tiyata da magani a rungumi wannan. Ko a wurinsu rage gudu ake fata, ba warkarwa ba. Naka kuwa ƙusa kawai yake ja."

"Dakta, yanzu ƙullutun za ki cire?" Mahfuza ta tambaya a hankali.

Likitar ta kama hannunta. "Da kun dawo lokacin da na ce, da shi kaɗai ne. Yanzu sai an cire nonon duka, a bi da kemo, maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Amma ranki muna da kyakkyawan fata a kansa, in aka yi yanzu. Yanzu fa, ba bayan biki ba."

* * *

Sharhabilu da kansa ya roƙi Hajiya ta biyo shi Zakka. Ta zo da fara'arta, a zatonta maganar ranar kamu za a yi. Aka zauna a tsakar gida, Kaka da Hajiya a tabarma, Malam Daudu a gefe kan buzunsa, Mahfuza a bakin ƙofar ɗaki. Sharhabilu ya ɗauko injin ya ajiye a tsakiya, ya sa filaya ya datse wayar gida biyu.

"Kai! Ka haukace ne?" Hajiya ta zabura.

Ya durƙusa. "Umma, Kaka, Baba, ku gafarce ni. Injin nan ba ya maganin komai. Na karanta rabin magana na ɗauka na gama sani. Ciwon ya ƙaru, kuma ni na ja mata. Da ƙullutu kawai za a cire, yanzu nonon ne duka."

Kaka ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Wayyo ni Jinjiri! Za su kashe mini ita! Ba ni yarda, wallahi ba ni yarda!"

Hajiya kuwa ta miƙe tsaye. "Ka tara mini mata har Ruma ina ta baza baki, yau ka ce mini ƙarya ne? To ka ji da kyau, maganata tana nan. In aka yanka ta, babu kai babu ita!"

"Na ji, Umma." Bai ɗaga murya ba. "Ba zan aure ta ba sai da yardarki, ko da zan tsufa a haka. Amma ba zan bari ta mutu don a yi biki ba. A fasa bikin. Ta rayu, ko da wani ne zai aure ta."

Mahfuza ta toshe baki da mayafi. Ba ta taɓa jin son sa kamar na wannan lokacin da yake sallama ta ba.

Sai ga wata murya da ba a saba ji ba. Malam Daudu ne, kansa a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini, yau zan yi magana. Ba allura ce ta kashe Mairo ba. Mu muka riƙe ta a gida har nonon ya fashe, sannan muka kai musu ita ba sauran abin yi. Likitan ya faɗa mini a ranar, na kasa faɗa miki. Na binne uwar, ba zan binne 'yar da hannuna ba. Gobe zan kai ta."

Kaka ta juya ta shige ɗaki tana kuka. Hajiya ta figi jakarta ta fita ko sallama babu. Kafin la'asar ta washegari mota ta zo ta kwashe akwatunan lefe, matan da suka yi guɗa ranar kawowa suna leƙe ta kan katanga.

* * *

Aka yi aikin, aka kuma yi nasara. Sai dai jinya ta zo da wuya. Kaka ta rantse ba ta taka asibiti, matar da Malam Daudu ya aura bayan Mairo na fama da ɗanyen goyo, maza kuma ba a barinsu zama a ɗakin mata sai lokacin ziyara. Sharhabilu ya rufe shago ya tare a Katsina, yana yini a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar asibiti tare da Malam Daudu. Shi ne sayo magani, shi ne nemo jini, shi ne kawo ruwan zafi a fulas. Kullum kuma sai ya bugo wa Hajiya ya gaishe ta, ta amsa a daƙile ko ta kashe, gobe ya sake bugowa.

Abin ya ishi Hajiya. "Yarinyar da na raba shi da ita, ita zai zauna yi wa bauta? Yau sai na taho da shi ko da a ɗaure!" Ta shiga motar Katsina tana huci.

Ba ta same shi a gindin bishiyar ba, an aike shi kemis. Aka nuna mata ɗakin mata, ta kutsa da niyyar ta faɗa wa Mahfuza ta sakar mata ɗa. Tana shiga ta hango ta a gadon ƙarshe. Kowane gado da mai jinya a gefe, wata na fifita, wata na ba da kunu, ita kaɗai ce ba kowa. Ta rame ta yi fayau, ƙirji a naɗe da bandeji, ga robar da ke tsiyayar da ruwan ciwo a maƙale a gefenta, tana ta miƙa hannu ga kofin ruwa ta kasa kaiwa.

Suna haɗa ido sai Mahfuza ta manta da kofin. Ta yunƙura, ta zuro ƙafafu ƙasa, ta dafa ƙarfen gado tana cije leɓe. Durƙusawa za ta yi ta gaida uwar Sharhabilu, kamar yadda ta saba tun ranar da ta fara ganinta.

"Ke! Ke! Me za ki yi haka?"

"Sannu da zuwa, Umma... kin sha hanya..."

Gwiwarta ba ta kai ƙasa ba jiri ya kwashe ta, robar ta fizgu, jini ya ɓata bandejin. Hajiya ta yar da jaka ta tare ta a ƙirjinta tana ƙwala kira, "Nas! Nas! Ku zo, 'yata za ta faɗi!"

Da aka gyara ta aka kwantar, Hajiya ta zauna a bakin gadon tana kallonta.

"Na kwashe miki lefe, na kunyata ki a garinku, shi ne za ki durƙusa mini da ɗinki a ƙirji?"

"Ai ke uwa ce, Umma. Kuma ba ki yi laifi ba, kowa yana so wa ɗansa lafiyayya."

Hajiya Bara'atu, matar da ko a rasuwar mijinta sai da ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fashe da kuka a gaban mutane. Ta ɗauki kofin ta tallafo kan yarinyar ta ba ta ruwa. Da Sharhabilu ya shigo da ledar magani ya gan su, sai ya ƙame a bakin ƙofa.

"Me ka tsaya kallo kamar gunki?" ta daka masa tsawa tana share ido. "Wuce Batsari ka buɗe shagonka, ka turo mini kayan sawata da tabarma. Namiji da jinyar mace, ina aka taɓa yi? Ni ce nan!"

Ita ce kuwa. Watannin kemo masu ɗaci, da amai, da zubewar gashi har kai ya koma tal, duk a kan cinyar Hajiya aka yi su. Lefe ya koma Zakka har da ƙarin akwati. Kaka ma da ta ga jikarta ta dawo da ƙafafunta bayan allurai ba adadi, ta shafa ta sama da ƙasa ta ce, "Ashe dai wanga daji tsoron ƙarfen yake, ba fushi ba!" Sharhabilu kuma duk wanda ya zo shago neman inji, sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin kansa ba ragi, ya ce ya kai matarsa asibiti tun abin yana ƙarami.

Sai da shekara ta zagayo Dakta Lubna ta ce ba ta ga sauran ciwo ba, amma a riƙa zuwa ana dubawa. Aka ɗaura aure a Zakka, aka kawo amarya Batsari da rana tsaka, motoci da babura sai oda suke.

Wajen buɗar kai tsakar gidan Hajiya ba masaka tsinke. Wasu sun zo taya murna, wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, sun zo ganin amaryar da aka yi wa aiki ne. Mahfuza na zaune a lulluɓe. Hajiya ta matso ta yaye lulluɓin, garin yayewa ɗankwalin ya zame, sai ga kan amarya da ɗan gajeren gashi sabon tsiro. Wata daga baya ta fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Mahfuza ta runtse ido, hawaye suka gangaro.

Hajiya ba ta yi saurin rufe kan ba. Ta dafa shi da tafin hannunta, ta juyo ta fuskanci taron.

"Ku kalla da kyau, kada wata ta koma gida da saura! Wannan gashin a gabana ya zube, a gabana ya tsiro. Ɗana bai samo mata ba, ni na samo 'ya. Wadda abin bai yi mata ba, ga ƙofa!"

Ta kama hanci ta saki guɗa da kanta, uwar miji guda! Gida ya ɗauka gaba ɗaya. Sharhabilu da ke zaure cikin abokansa yana jin muryar uwarsa ya gane, ya faɗi ya yi sujada a kan simintin da babbar rigarsa.

'Yan'uwana matasa, ku ɗauki darasi. Son da Sharhabilu ya yi wa Mahfuza ranar da ya haɗa inji so ne, amma ya kusa kai ta kabari, kuma ya ci mata abin da ba zai dawo ba. Son da ya cece ta shi ne na ranar da ya durƙusa ya ce ya yi kuskure, ya yarda ya rasa ta don ta rayu, bai kuma ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba har Allah ya juyo da zuciyarta. Ku kuma mata, in kun ji baƙon abu a jikinku kada kunya ko tsoron allura su zaunar da ku a ɗaka. Mahfuza ta yi haƙuri ta faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi daɗin ji, ga ta nan a ɗakinta da ranta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da masu faɗa mana gaskiya, amin.